Daga Kufena Zuwa Riruwai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Duwatsunmu da Ma'adinan da Ke Cikinsu

Tun da harkar haƙar ma'adinai ta sake tashi a Arewa, duk wanda aka san ya karanta ilimin duwatsu a Zariya bai rasa baƙi. Wannan ya zo da dunƙulen dutse a ƙulle cikin leda, wancan ya zo da baƙin yashi a kwalba, kowa na son a ce masa akwai arziki a ciki. Mafi yawan tambayoyin amsarsu ɗaya ce: ma'adini ba ya zama a wuri haka kawai, tarihin dutsen da ke wurin yake bi. Wanda ya san irin dutsen da yake tsaye a kai ya san abin da zai nema da abin da ba zai ɓata kuɗinsa a kai ba. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, na jera su daga ƙofar gida zuwa dutsen Riruwai, wanda shi ne mahaƙar kan dutse mafi shahara a kusa da mu.

Malam, wane irin dutse ne a ƙarƙashin garin Zariya?

Zariya na zaune ne a kan abin da masana ke kira tushen duwatsu, wato tsofaffin duwatsu masu tauri waɗanda suka shimfiɗu a kusan rabin faɗin Najeriya. Iri uku ne suka fi yawa a cikinsu.

Na farko shi ne nais da danginsa, dutse mai zane-zanen fari da baƙi a murɗe, wanda zafi da matsi suka sauya wa kama a can cikin ƙasa. Shi ne mafi tsufa. Wani nais da aka auna a cikin garin Kaduna ya ba da shekara kimanin biliyan 3.5, yana cikin mafi tsufan duwatsun da aka sani a Afirka ta Yamma. Na biyu shi ne shist, dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda asalinsa laka ce da yashi da suka kwanta a ruwa kafin a matse su. Yana nan a dogayen zirare a yammacinmu, wajen Karaukarau a ƙasar Giwa, da Kushaka, da Birnin Gwari. Na uku shi ne giranit, wanda ya kutso cikin waɗancan biyun yana narkakke, ya daskare a tsakaninsu. Kufena da Madarkaci da duwatsun Tukur-Tukur duk nasa ne.

Na ji ana cewa ƙasa hawa-hawa take, kowane hawa da irin dutsensa. Me ya sa ba na ganin haka a nan?

Maganar gaskiya ce, sai dai ba a ko'ina ba. Inda teku ko babban tafki ya taɓa kwanciya, yashi da laka da ɓawon halittun ruwa sukan zauna ɗaya bisa ɗaya kamar an jibge tabarmi, na ƙasa ya girmi na sama. Haka ƙasar Sakkwato take, shi ya sa ake samun dutsen siminti a Kalambaina. Haka kwarin Binuwai da Gongola yake, inda Ashaka take. Haka ma yankin tafkin Chadi da ƙasar Bida.

Mu namu daban ne. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan sassan ɓawon ƙasa sun yi karo a wannan yanki, tsohon dunƙulen Afirka ta Yamma daga yamma, namu daga gabas. Karon ya naɗe duwatsun da suke kwance, ya miƙar da wasu tsaye, ya narkar da wasu. Saboda haka idan ka sami shist a bakin rafi a ƙasar Giwa, za ka ga fallayensa a tsaye ko a karkace, kuma galibi sun miƙe daga arewa zuwa kudu. A irin wannan ƙasa ba a tambayar wane ne a sama wane ne a ƙasa. Ana tambayar wane ne ya ratsa wane, domin dutsen da ya ratsa wani shi ne ƙarami a shekaru.

To abin da mai haƙar rijiya yake ratsawa fa? Ai shi hawa-hawa yake gani.

Wannan shi ne hawa-hawan da muke da shi, kuma ba kwanciyar ruwa ce ta yi shi ba, ruɓewar dutse ce daga sama zuwa ƙasa. Ka tsaya a bakin sabuwar rijiya a Samaru ko Dakace ka dubi tulin ƙasar da aka fitar. Da farko ƙasar noma ce, mai laushi, ruwan toka ko ƙasa-ƙasa, wadda wani kaso nata ƙura ce da iska ta kwaso daga arewa tun zamanin da ƙasar nan ta fi yanzu bushewa. Daga nan sai jar ƙasa mai tsakuwa, burjin da ake zubawa a hanya. A wasu wuraren ta dunƙule ta zama marmara mai ramuka-ramuka, wadda ke sa diga ta yi tartsatsi. Ƙarƙashinta yumɓu ne mai dabbare-dabbaren ja da fari da rawaya. Sai ruɓaɓɓen dutse: idan ka kalle shi giranit ne sak, da ƙwayoyinsa da zanensa, amma kana matsa shi a hannu sai ya wargaje. Daga ƙarshe sai a kai ga fa, inda mai haƙa zai ce aiki ya tsaya.

Duk waɗannan, in ka cire ƙurar sama, dutse ɗaya ne a matakan ruɓewa daban-daban. Ruwan sama na dubban shekaru ya wanke abin da zai wanku, ya mayar da wani ɓangare yumɓu, ya bar ƙarfe a sama ya yi tsatsa. Jan da ke jikin ganuwar Zazzau da tsofaffin gine-ginen ƙasa na cikin birni daga nan yake.

Kaurin wannan ruɓewa ba ɗaya ba ne. A nan mita biyu ka taɓa fa, can gaba kaɗan sai ka wuce mita ashirin ba ka same shi ba. Zaizayar gefen kogin Kubanni ta buɗe sashen sama na wannan jeri, mai son gani da ido ba sai ya haƙa ba.

Kufena aman wuta ne ya yi shi?

A'a. Kufena bai taɓa aman wuta ba. Narkakken dutse ne da ya daskare a nisan kilomitoci da yawa cikin ƙasa, kuma shaidar tana jikinsa. Ka hau ta wajen Wusasa ka durƙusa ka dubi falalen da kyau. Za ka ga manyan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, farare ko masu ɗan ja-ja, wasu sun kai tsawon gaɓar yatsa, wasu sun fi. A tsakaninsu akwai ƙwayoyin dutsen ƙanƙara masu ruwan gilashi da ɗigo-ɗigon baƙi mai ƙyalli. Ƙwaya ba ta girma haka sai dutse ya huce sannu a hankali, a wurin da zafi ba ya saurin fita. Wanda ya fito sarari ya huce da gaggawa, ƙwayoyinsa ba su ganuwa da ido.

Abin da ya fito da Kufena fili zaizaya ce. Duwatsun da suka lulluɓe shi sun ruɓe, ruwa ya kwashe su, shi kuma da yake dunƙulalle ne mai ƙarancin tsaga, ruwa bai sami hanyar shiga ya ruɓar da shi ba, sai ya tsaya, ƙasar da ke kewaye da shi ta yi ta sauka. Ɓawon da kake gani yana ɓantarewa daga jikinsa falle-falle, sauke masa nauyin da aka yi ne ya jawo shi, zafin rana da sanyin dare suna taimakawa.

Ina jin ana cewa tsohon giranit da sabon giranit. Mene ne bambancinsu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani ga mai neman kuza. Wani masani Bature mai suna Falconer ne ya raba su haka a 1911, kuma rabon ya tsaya har yau.

Tsohon giranit ɗan wancan karo ne na shekara miliyan 600. Ya daskare da zurfi, yana warwatse a ko'ina cikin tushen duwatsu, kuma yakan fito a matsayin dunƙulallen dutse mai santsi irin Kufena. Sabon giranit kuwa ba karo ne ya haife shi ba. Zafi ne ya taso daga ƙasa a lokacin da yankin yake zaune lafiya, ya huda tsohon ɓawon, ya kafa duwatsu masu aman wuta. Ragowarsu su ne tsaunukan da suka yi jeri daga Azbin a Nijar, suka biyo ta Damagaram, suka shigo Dutse da Ningi da Riruwai da Jos, har zuwa Afu a jihar Nasarawa. Abin sha'awa, shekarunsu na raguwa idan kana gangarowa kudu: na Azbin sun haura miliyan 400, na Dutse kimanin miliyan 213, na Afu kimanin miliyan 141. A Najeriya akwai irinsu wajen hamsin.

Ba sai ka je Jos ba kafin ka gan su. Ka kama hanyar Pambeguwa daga Zariya, tsaunukan Dutsen Wai da na Kudaru duk sabon giranit ne. Ka lura da surarsu: a tsaye suke, masu kaifi da tsage-tsage, sun haɗu sun yi rukuni, ba kamar Kufena da ke zaune shi kaɗai a fili ba.

Yaya dutsen Riruwai ya samu, kuma yaya duwatsunsa suke jere?

Riruwai na cikin ƙaramar hukumar Doguwa, a kudancin jihar Kano, sama da kilomita ɗari gabas da Zariya. A taswira siffar ƙwai gare shi, faɗinsa ya haura kilomita goma sha biyar, shekarunsa kuma wajen miliyan 170. Masana na ƙaunarsa saboda zaizaya ba ta cinye shi duka ba, kusan kowane babi na tarihinsa ya bar shaida.

Da farko narkakken dutse ya taru a ƙarƙashin tsohon tushen duwatsu, ya kumbura shi, ya tsaga shi. Daga nan aman wuta ya ɓarke. Toka mai zafi da ɓaraguzai suka kwarara, suka kwanta, suka manne da juna, aka yi ta yi sau da yawa. Waɗannan su ne kaɗai duwatsun Riruwai da za ka iya cewa hawa-hawa suke da gaske, domin kowane amai ya kwanta ne a kan na gabansa. Sunansu rayolait, masu ƙananan ƙwayoyi, ruwan toka ko shuɗi-shuɗi ko jaja-jaja, masu tsananin tauri.

Da narkakken dutsen da ya taru a ƙasa ya ragu, sai rufinsa ya rasa abin dogara. Ya tsage a zagaye, tsakiyar ta nutse da duk abin da ke kanta. Wannan nutsewa ce ta ceci duwatsun aman, domin na waje da zagayen zaizaya ta share su tuni, na ciki kuwa sun sami mafaka. Narkakken dutse ya biyo wannan tsaga ya cika ta, ya daskare ya zama katanga mai zagaye. Shi ya sa ake kiran irin waɗannan tsaunuka masu zobe. Dutsen zoben yana da manyan ƙwayoyi tsilla-tsilla a cikin ƙanana, alamar ya fara hucewa a ƙasa ya ƙarasa a kusa da sama.

A ƙarshe giranit ya taso daga ƙasa ya kutsa cikin tulin aman, kashi-kashi. Akwai wani nau'i a kwarin Kaffo mai ɗauke da ma'adinin niyobiyam da ɗan yuraniyam. Akwai kuma wanda ya mamaye tsakiya, mai ɗigon baƙar maika, wato ma'adinin nan mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle, kuma shi ne uwar kuza.

Saboda haka idan ka tashi daga fili ka nufi tsakiyar dutsen, za ka fara taka tsohon tushe, ka haye zobe, ka shiga duwatsun amai, sannan ka faɗa giranit. A nan giranit yana ƙarƙashin dutsen amai, amma shi ne ƙarami. Mai aunawa da ƙa'idar ƙasar Sakkwato, cewa na ƙasa ya girmi na sama, zai karanta Riruwai a juye.

A ina kuzar take zaune a cikin wannan duka?

Wuri biyu. Lokacin da giranit na tsakiya yake ƙarasa daskarewa, ruwa mai zafi da iskar da ke cikinsa sun taru a samansa, ɗauke da abubuwan da ba su sami gurbi a cikin ƙwayoyin dutsen ba, kamar kuza da zinki da dalma da tagulla. Da dutsen ya tsage, sai ruwan ya bi tsagar, ya dafa gefenta, ya sauke kayansa. Haka aka sami babbar jijiyar Riruwai, mai tsawon kimanin kilomita 5 daga gabas zuwa yamma, a tsaye kusan cak, ta nutsa ɗaruruwan mitoci. Tsakiyarta farin dutsen ƙanƙara ne, gefenta dafaffen dutse mai duhu da maika, bayansa kuma giranit da ya rine ya yi ja. Ma'aikacin da ya san aikinsa yana ganin wannan jan ya san jijiya na kusa. A cikinta, ban da kuza, akwai ma'adinin zinki mai yawa, da wolfram, da dutsen tozali. Saboda ita aka haƙa ramin ƙarƙashin ƙasa a Riruwai a shekarun 1970, abin da ba a saba gani ba a harkar kuzar Najeriya.

Wuri na biyu shi ne rafuka. Kuza ba ta ruɓewa, kuma nauyinta ya ninka na ruwa kusan sau bakwai, alhali yashi bai kai sau uku ba. Idan dutse ya ruɓe, ruwa ya tafi da yumɓu da yashi, ita sai ta zauna a gindin tsakuwa, dab da fa. Ka kalli mace tana wankin kuza a bakin rafi: ta cika ƙwarya da tsakuwa, ta nutsar da bakinta a ruwa, tana juyawa tana karkatawa, farin yashi na zubewa, har a ga baƙin gari mai nauyi ya kwanta a gindi. Mafi yawan kuzar da Najeriya ta taɓa fitarwa daga irin wannan kwanciya ta fito, ba daga jijiya ba. A Filato ma akwai tsofaffin rafuka masu kuza da baƙin dutsen aman wuta na baya-bayan nan ya binne, su ne masu loto, wato masu haƙar rami da hannu, ke bi ta ƙasa.

Me ya hana a sami kuza a Kufena, tunda shi ma giranit ne?

Dalili biyu. Narkakken dutsen da ya yi shi bai tara kuza kamar na sabon giranit ba. Sannan kuza a saman giranit take taruwa, Kufena kuwa abin da muke gani cikinsa ne, samansa ya zaizaye tun da daɗewa. Amfanin tsohon giranit a wajenmu tsakuwar gini ce da ta hanya, kuma wannan ba ƙaramin arziki ba ne.

Akwai togiya guda. Tsohon giranit yana da jijiyoyi masu manya-manyan ƙwayoyi da ake kira fegmatait, kuma wasunsu, musamman a kudancin Kaduna da Nasarawa, suna ɗauke da tantalait da litiyam da duwatsun ado, har da 'yar kuza. Amma fegmatait da yawa babu komai a cikinsu sai ƙanƙara da farin dutse da maika. Ganin farar jijiya a gona bai isa a sayar da shanu ba.

Wace alaƙa ce tsakanin Zariya da kuza, tunda babu ita a nan?

Alaƙar hanya ce. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Riruwai suna narka kuza suna zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwanni. Wannan kuzar ce Turawan kamfani suka gani suka bi sawunta har Filato a farkon ƙarni na 20. Da haƙa ta kankama, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama, ya isa Jos da Bukuru a 1914. Ta nan kuzar Filato ta riƙa saukowa Zariya kafin a ɗora ta a babban layi zuwa teku. An rufe layin a 1957. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, abokin zaman kuza a sabon giranit. Faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985 ce ta durƙusar da manyan kamfanonin da suka rage.

Zinariya fa? A ina ya kamata a neme ta?

A yamma, cikin ziraren shist. Birnin Gwari da Kushaka a jihar Kaduna, Maru da Anka a Zamfara, har zuwa jihar Neja. A lokacin wancan babban karo, ruwa mai zafi ya bi manyan tsagogin da suka ratsa shist ya sauke ƙanƙara da 'yar zinariya a cikinsu. An yi haƙa sosai a waɗannan wurare a shekarun 1930, ta ja baya a lokacin yaƙin duniya na biyu. Ka riƙe wannan a taƙaice: daga Zariya, kuza gabas, zinariya yamma. Ba wai ba a taɓa samun saɓanin haka ba, amma wanda zai zuba jari a kan saɓanin sai ya riƙe sakamakon gwaji a hannu.

Na tsinci dutse mai ƙyalli kamar zinariya. Yaya zan gane?

Kusan kullum ɗayan biyu ne. Idan falle-falle ne marar nauyi, yana ɓarewa da farce, yana yawo a ruwa, maika ce da ta ruɓe ta yi ruwan zinariya, kuma rafukan Zariya cike suke da ita. Idan ƙwaya ce mai kusurwa, mai tauri, ka buga ta da guduma ta farfashe ta zama baƙin gari, farait ne. Zinariya ba ta farfashewa, lanƙwashewa take ta baje, wuƙa na yankar ta, kuma nauyinta ya ninka na ruwa sau 19.

Za a iya samun man fetur ko kwal a Zariya?

A'a. Su biyun a cikin duwatsun kwanciya suke samuwa, irin na Neja Delta da Inugu da Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe. Giranit da nais sun sha zafin da babu man da zai saura a cikinsu.

Yaya aka san dutse ya shekara miliyan kaza, alhali babu wanda yake nan?

Akwai wata 'yar ƙwaya a cikin giranit mai suna zirkon. Lokacin da take ƙulluwa tana karɓar yuraniyam, amma ba ta karɓar dalma. Shi kuma yuraniyam yana rikiɗewa ya zama dalma a kan ƙa'idar da aka auna aka tabbatar: nau'insa mafi yawa yana ɗaukar shekara kimanin biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe. Idan aka auna yawan yuraniyam da dalmar da ke cikin ƙwayar, lissafi zai ba da lokacin da ta ƙullu. Akwai wasu hanyoyin da ke amfani da wasu sinadarai, kuma ana gwada sakamakon wannan da na wancan.

Maƙwabcina ya haƙa bohol ya sami ruwa, ni na haƙa ban samu ba. Me ya faru?

Wannan na ci mini rai, domin kuɗi ne masu yawa suke salwanta a unguwanninmu. Lafiyayyen giranit ba ya riƙe ruwa. A ƙasa irin tamu ruwa na zama ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da kuma tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Inda ruɓewar ta yi kauri ko aka dace da tsaga, a sami ruwa. Inda fa ya taso kusa da sama babu tsaga, ko an zurfafa sai dai a yi ta fitar da farar ƙura. Tazarar 'yan mitoci ta isa ta raba gida mai ruwa da marar ruwa. Rijiyoyin da ke ƙafewa da bazara kuwa yawanci ba su wuce saman ruɓewar ba.

Kafin a kira mai inji, a kira mai awon ƙasa. Yana kafa ƙarafa a jere, ya tura lantarki, ya auna yadda ƙasa ke tare shi, domin jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse na barin lantarki ya wuce, busasshen fa kuwa na tare shi. Awon ba ya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, amma kuɗinsa kaɗan ne a kan asarar busasshen rami.

Kakanninmu a ina suka sami tama?

A cikin marmarar nan da muke takawa. Suna zaɓar dunƙulen da ya fi nauyi da duhu su narka da gawayi. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono ragowar matoya da kashin tama a yammacin Samaru a shekarun 1970, kuma an san dutsen Dala a Kano da irin wannan sana'a. Tamar marmara ta ishi maƙeri, amma ba ta isa ta ciyar da masana'anta ba. Ta Itakpe a jihar Kogi, wadda aka tanada domin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wani irin dutse ne daban.

Wane haɗari ne ke cikin dutsen kansa, ban da ruftawar rami?

A nan nake roƙon a saurara da kyau. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara aƙalla 400 sun rasu. Jijiyar zinariyar da ake haƙa tana ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo dutsen cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin hatsi, ƙura ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dutsen tozali, wanda shi ne ma'adinin dalma, yakan zauna tare da zinariya, kuma yana nan a jijiyar Riruwai. Ido ba ya iya tantance yawansa a cikin gari.

Don Allah kada a kai dutsen ma'adini gida. Kada a niƙa shi a injin abinci. A jiƙa shi kafin a daka, a yi wanka a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro. Ƙurar farin dutsen ƙanƙara ita ma tana taruwa a huhu ta sandarar da shi, cutar da ba ta da magani, kuma masu fasa dutse a wuraren tsakuwa suna cikin wannan haɗari. Zaibar da ake kama zinariya da ita, hayaƙinta idan an ƙona yana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Fasa dutse da nakiya zai iya jawo girgizar ƙasa?

Nakiya na girgiza gidajen da ke kusa, har ta tsaga bango, shi ya sa bai kamata a bar wurin fasa dutse dab da unguwa ba. Girgizar ƙasa ta ainihi kuwa daga motsin tsofaffin tsagogi take a can ƙasa. Yankinmu na cikin masu natsuwa, ko da yake an ji 'yar girgiza a Kwoi a 2016, da Mpape a Abuja a 2018.

Idan na ga alamar ma'adini a gonata, nawa ne? Ina zan fara?

A dokar Najeriya duk ma'adinin da ke cikin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko a gonar wa yake. Dokar ma'adinai ta 2007 ce ke aiki, kuma ofishin rajistar filayen haƙa da ke Abuja ne ke ba da lasisi, daga na bincike zuwa na ƙaramar haƙa da na fasa dutse. Ɗan ƙasa ko ƙungiyar haɗin gwiwa na iya neman na ƙaramar haƙa. Mai gona kuma yana da haƙƙin a nemi yardarsa, a biya shi diyyar abin da aka ɓata masa. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba.

Kafin maganar lasisi, ka fara sanin abin da ke hannunka. Ka ɗebo samfur daga jikin dutsen da ke kafe, ba wanda ruwa ya gangaro da shi ba. Ka ɗebo daga wurare daban-daban a tsawon jijiyar, mai kyau da marar kyau, domin zaɓen mai ƙyalli kaɗai yaudarar kai ce. Kowanne ka sa shi a ledarsa, ka rubuta inda ka ɗauke shi, ka ɗauki lambar wurin da wayarka. Sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, Hukumar Binciken Duwatsu ta Ƙasa, wadda asalinta ya faro tun 1919, tana da ɗakunan gwaji a Kaduna, kuma a wajenta ake samun taswirar duwatsun yanki. Ka nemi a nuna maka inda gonarka ta faɗa a taswirar, a kan nais take, ko shist, ko tsohon giranit, ko sabo, sannan ka biya kuɗin gwajin abin da irin wannan dutse zai iya ɗauka.